Kamu bakwai nasa, takwas da taƙi nawa

Shekara shida ke nan cur da Allah ya karɓi ɗana na fari. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Mutanen unguwarmu a Gumel Injiniya suke ce masa, saboda gyaran rediyo da talabijin da yake yi a bakin kasuwa. Allah ya jiƙansa.

Ni da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan na aurar da 'ya'ya biyu. Da na iya haɗa baƙi, sai matan maƙwabta suka riƙa zuwa ɗakina bayan la'asar ina ƙara musu abin da na samu. Matsalarmu ido. Yawancinmu mun manyanta, rubutun littafi kuwa kamar sawun kiyashi. Wata Alhamis ya dawo daga kasuwar Maigatari da tsohon majigi a cikin kwali, ya ce, "Inna, daga yau baƙi ɗaya zai kai girman faifai."

Kwana biyu ya yi yana saita shi. Ya shafa farin fenti mai kusurwa huɗu a bangon gabas, ya toshe taga da bargo, ya ɗora majigin a kan ƙaramin tebur. Ina zaune ina kallo. In ya matso da teburin, hoto ya ƙanƙance. In ya ja baya, ya zube har kan labule. In ya ɗaga gaban na'urar da yawa, saman hoton ya buɗe ƙasan ya tsuke kamar kwando. Ya ce dole idonta ya dubi tsakiyar farin ɓaro-ɓaro, ba ta gefe ba, sannan a murɗa zoben ido a hankali har rubutu ya fito tas. Da ya gama ya auna da hannunsa, ya rubuta da gawayi a gindin bango: kamu bakwai.

Shekara uku ba wanda ya taɓa teburin. Ko shara nake, kewaye shi nake yi.

Ranar da ya rasu, bayan jinyar sati biyu, aka fitar da komai na ɗakin don a shimfiɗa wa masu ta'aziyya tabarmi. Bayan arba'in matan suka fara tambaya ko aji ya mutu ke nan. Na ce bai mutu ba. Na mayar da tebur, na auna kamu bakwai daga bango, na kunna. Hoto ya fito ƙarami a tsakiyar farin, fenti ya yi masa yawa ta ko'ina, kamar yaro a rigar ubansa. Na sake aunawa, bakwai ne. Na ƙi motsa shi. A raina, abin da ya rubuta da hannunsa ba ni zan gyara ba.

Haka muka yi wata guda. Masu zama a baya suka daina gani, uku suka daina zuwa. Ran nan Iya Abu, wata dattijuwar Bafillatana da ta taso daga wajen Gagarawa, wadda burinta kawai ta karanta sunayen 'ya'yanta a waya, ta ajiye fensirinta.

"Malama, baƙaƙen nan su ma makoki suke yi? Duk sun rame."

Na nuna mata rubutun gawayi.

"Kamun wa? Miƙo hannunki mu gani. Yaron da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar nan, shi za ki ara wa wannan guntun hannun?"

Ɗakin ya ɗauki dariya, ni ma na yi, ta farko tun rasuwar. Na tashi na riƙa jan teburin baya kaɗan-kaɗan, ido na kan bango, su kuma suna cewa ƙara, ƙara, dakata, ya karkata hagu. Sannu ba ta hana zuwa. Da hoton ya cika farin daidai, kusurwa ta hau kusurwa, na durƙusa na auna da nawa hannun. Takwas da taƙi ɗaya.

Bara mijin ƙanwarsa ya sayo sabon majigi daga Kano, ɗan mitsitsi, wanda ko a karkace aka ajiye shi yake miƙe hotonsa da kansa. Nakan tambayi kaina me Injiniya zai ce. Ina jin da sai ya kwance shi ya ga cikinsa tukuna, sannan ya yi tsaki ya ce an raina wa mutane hankali. Ko kuma ya yi murna, tunda shi dai so yake tsofaffi su gani. Ban sani ba. Surukin nawa da matarsa sun ce za su ba ni sabon, na ce su bari sai namu ya gaji.

Kayan aikinsa an raba, shagonsa kuma wani ke ciki yanzu. Abin da ya saura a hannuna shi ne majigin, da farin nan na bango, da mata goma sha ɗaya da ke zama gabansa. Iya Abu ta rasu shekara biyu da suka wuce, amma sai da ta kira 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta miƙa wa kowa wayar ba.

Rubutun gawayinsa yana nan, nakan bi sawunsa in ya dushe. A ƙarƙashinsa na rubuta nawa. Wadda za ta gaji ajin nan na riga na gaya mata: ta karanta duka biyun, ta yi masa addu'a, sannan ta dubi bango ta auna da hannunta.