Wurin da Malam Yake Share wa Mota

Matso kusa, jawo tabarmar nan ka zauna. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, na kasa faɗa wa mutanen gidan nan, shi ne na ce bari in rubuta, ko da yake rubutun nawa na wadda ta tsaya a aji huɗu ne. In ka ga na yi surutu, ka yi haƙuri, haka Allah ya yi ni.

Ni ba mai yawo ba ce. Tun da aka kawo ni Gangaren Tudu ina amarya, in ba suna ko ta'aziyya ko asibiti ba, ƙafata ba ta wuce ƙofar gida. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina tsakar gida ina tankaɗe zan gaya maka wanda ya wuce a lungu, daga jan takalminsa kawai.

Maigidana direba ne. Shekara talatin da ɗoriya yana jigila tsakanin Keffi da Abuja, ya kwashi ma'aikata da sassafe, ya dawo da 'yan kasuwa. Ni Malam nake ce masa, 'yan tasha kuwa Oga. Motar tasa ce ta kansa, ba ta wani alhaji ba, kuma wannan shi ne abin alfaharinsa a duniya. 'Yar ƙarama ce ruwan toka, sai ta yi tari sau biyu kafin ta tashi. Na san muryarta kamar ta 'ya'yana. In ya gangaro daga sama yakan sauya giya daidai kwalbati, ya danna hon sau biyu a kwana. Ma'anar hon biyun nan, in sirka ruwan wanka. Ba mu taɓa zama mun shirya hakan ba, haka kawai abin ya zame mana.

To, kunnen nan ne ya fara gaya mini akwai matsala. Hon biyu ya koma huɗu, ya koma shida, kamar mai korar shanu. Birkin da yake takawa tun daga nesa a hankali, sai na riƙa jin sa a makare, ƙiii, dab da kwalbatin. Wata rana na ji taya ta hau bakin siminti. Wata rana kuma gefen motar ya gogi ƙarfen get. Ya shigo yana faɗa, wai ƙarfen ne ya karkace. Ƙarfen da yake tsaye tun kafin a yaye autarmu! Sannan ya fara miƙo mini waya in karanta masa lamba, wai gilashinta ya dushe. Na karanta masa, na miƙa masa abarsa.

Maƙwabciyarmu ce ta hana ni ci gaba da kawar da kai. Malamar firamare ce, 'yar ƙabilar Eggon, shekara ashirin muna miƙa wa juna tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti ta kan katanga. Wata rana ta shigo, ko sallama ba ta gama ba ta ce:

"Maman yara, mijinki ya kusa gamawa da ni yau."

Na ce, "Subhanallahi! A ina?"

"A kwanar nan. Da rana tsaka, ina sanye da jar riga. Ja fa! Madubinsa ya bugi jakata ta faɗi, shi ko waiwaye bai yi ba. Ba wulaƙanci ba ne, na san halinsa. Bai gan ni ba ne." Ta zauna a kan turmi ta sha ruwa. "Ni jaka ce kawai. Amma mutum shida yake ɗauka a motar nan kullum. Ki kai shi a duba idon."

Na gwada ta hanyar gaskiya, kada ka ce ban gwada ba. Bayan ya ci abinci na ce, "Malam, ko za a je a duba idon nan?"

Ya ce, "Idon wa? Ni da zan kai ki Mararaba ido a rufe?"

Na ce, "Ai abin da nake tsoro ke nan."

Kwana biyu bai yi mini magana ba. Kuma kullum da safe motar ta yi tarinta ta fita, ni kuma in zauna ina kasa kunne har sai na ji ta dawo.

Ana nan sai 'yarmu ta fari, wadda take aikin ofis a Abuja, ta zo hutun ƙarshen mako. Muna zaune a inuwar mangwaro ta ce, "Baba, zo ka ga masu ƙwace maka sana'a." Ta kunna wani bidiyo a wayarta. Mota ce tana tafiya a titin wata ƙasa, kujerar direba wayam, sitiyari yana juya kansa.

Na ce, "A'uzu billahi! Aljani ne a ciki?"

Ta yi ta dariya. Malam ya karɓi wayar ya kai ta dab da hancinsa.

"Wa ke tuƙin?"

"Ba kowa, Baba. Na'ura ce, tana da idanunta ta ko'ina."

"In akuya ta tsallaka fa?"

"Tana gani ta tsaya."

"In ɗan acaba ya faɗo mata ta hannun da ba nasa ba?"

"Shi ma haka."

Ya ce, "Hm. Ta zo Masaka ranar kasuwa mu ga ƙaryarta."

Yarinyar ta ci gaba da ba mu labari, wai a can ana cewa nan gaba mutane za su daina sayen mota ma gaba ɗaya. Ka kira ta waya, ta zo ta kai ka, ta wuce wurin wani. Ba gareji, ba makanike, ba wanki. Malam ya ce wannan ba rayuwa ba ce, mutum ba shi da ko abin da zai shafa ya ce nawa. Amma sau uku ya sa aka maimaita masa bidiyon.

Da muka shiga kicin na tambaye ta, "Yaushe za a kawo su nan?"

Ta ce, "Nan? Mama, da waɗannan ramukan? Sai dai ko jikokinki su gani."

Ka riƙe wannan. Na ji amsar nan da kunnena, ba wanda ya ruɗe ni.

Bayan ta koma da kwana uku, ina zuba masa ruwan wanke hannu, na ce, "Malam, yarinyar nan ta faɗa mini abin da ta ji nauyin faɗa maka. Wai bayan babbar sallah za a kawo motocin nan Abuja. Kuma da sun zo, za a hana tsofaffin motocin haya shiga. Wanda bai sayar da tasa yanzu ba, sai dai ya ba 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe."

Hannunsa ya tsaya a cikin kwano.

"Ita ta faɗa?"

Na ce, "Ita."

Bai sake tambaya ba. Abin da ya fi ƙona ni ke nan. Da ya yi gardama, da ya ce in rantse, wataƙila da na fasa. Amma tun da muke ban taɓa yi masa ƙarya a kan babban abu ba, sai ya ɗauka kamar yadda yake ɗaukar ruwan da na miƙa masa. Na kira yarinyar a ɓoye na roƙe ta kada ta tona ni. Ta ce, "Mama, ni ba zan faɗa da bakina ba. Amma ba zan ƙaryata ki ba."

Mako biyu ya sayar da ita ga wani direba a tasharsu. Ranar da za a zo ɗauka, shi ya wanke ta da kansa, har ƙarƙashin kujeru. Ya cire carbin da ke rataye a madubi ya sa a aljihu. Ina ɗaki na ji ta yi tarinta biyu, na ji ta hau tudu da ƙafar wani, yana sauya mata giya tun lokaci bai yi ba. Na yi kuka. Kuma ba zan ɓoye maka ba, rabon da hankalina ya kwanta kamar ranar, na manta.

Da a nan ta tsaya, da na ce Allah ya yafe mini, an wuce wurin. Sai dai na manta wane ne mijina. Mutum ne da in ya ga rami a hanya sai ya gaya wa duk direban da ya haɗu da shi. Washegari ya sa hula ya tafi tasha, wai zai gargaɗi 'yan'uwansa su sayar da nasu tun da wuri. Ba wanda ya sayar, alhamdu lillahi. Dariya suka yi masa. Sallah ta zo ta wuce, aka cinye soyayyen nama, ba mota ba dalilinta. Daga nan in ya fita masallaci sai in jiyo su ta bayan katanga.

"Oga, taka ta iso kuwa?"

"Ai tana hanya, ta tsaya shan mai ne da kanta!"

"Oga, in ta zo ka ce ta ɗauke ni kwandasta."

Rannan wani ya ce masa, "Wai wa ya sayar maka da wannan labarin?" Ina tsugune ina wanke shinkafa na ji muryar Malam, a natse, ba fushi:

"Iyalina ce ta faɗa mini. Ita kuwa ba ta ƙarya."

Ban san lokacin da ruwan ya tafi da rabin shinkafar ba.

Da ba motar, girman kan ya sauka, ya yarda muka je asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a riƙa ɗiga magani a tsare sauran. Ya ce mai irin wannan idon gabansa kaɗai yake gani, gefe duk duhu. Malama maƙwabciyarmu da ta ji ta ce, "Kin ceci rayuka, ki daina wannan fuskar." Na sani. Ina gaya wa kaina haka kullum. Amma ita ba ta san da me na cece su ba.

Rumfar kwanon da motar take kwana ta zauna ba komai, sai tabon baƙin mai a ƙasa. Na ce bari in sa a kewaye mini ita in zuba kaji. Malam ya ce a'a. Na ɗauka kewa ce, na ƙyale shi. Sai wata safiya na ji ƙarar tsintsiya a rumfar, shara irin ta wanda bai iya ba, yana kai ƙura gaba yana dawo da ita. Na leƙa. Mutumin da tun da na san shi bai taɓa riƙe tsintsiya ba.

Na ce, "Malam, lafiya? Kawo in share."

"Bar shi. Wurin mota ne."

"Wace motar?"

Ya miƙe yana dafe da ƙugu. "Wadda ba ruwanta da idona mana. Kin ga, da farko na ɗauka zuwa za ta yi ta kashe ni. Da likitan nan ya yi magana sai na gane, ai irina aka yi wa ita. Masu kira a waya su yi ta kiransu, ni tawa zan mallaka, ko tsohuwa ce. In zauna a gaba in riƙa gaya mata inda ramuka suke." Ya yi 'yar dariya. "Shekara talatin ina kai matan mutane Abuja, ke ban taɓa kai ki ba. Ke za ta fara ɗauka. Kuma sai na koya mata hon biyu a kwana."

Na koma kicin na hura wutar da ba ta mutu ba, don in sami abin da zan ɗora wa hawayena.

Tun daga ranar kullum sai ya share. Duk sanda yarinyar ta kira, kafin ya tambayi lafiyarta sai ya ce, "An kawo?" Ita kuma ta ce, "Tukuna, Baba." Da kullum take kira, yanzu sai a yi mako. Na shiga tsakanin uba da 'yarsa ke nan. Shekaranjiya ta ce mini, "Mama, na gaji. Ba na iya jin muryarsa. Ranar Asabar ina zuwa. In ba ki gaya masa ba, ni zan gaya masa."

Yau Alhamis. Da safe na ɗaura niyya, na same shi a rumfar na ce, "Malam, akwai maganar da nake so mu yi."

Ya ɗaga hannu. "Tsaya. Me ke wucewa can?"

Na ce, "Keke Napep ne."

"Na ɗauka ita ce." Ya jingina tsintsiyar. "An ce motocin nan ba su da ƙara, lantarki suke sha. Ni ba zan gan ta daga nesa ba, kuma ba zan ji ta ba. Amma ke ba abin da yake wuce kunnenki. Ranar da ta gangaro, ke za ki fara sani. Ki gaya mini, kin ji? To, wace magana ce?"

Na ce masa gishiri ne ya ƙare.

In na faɗa, na karɓe masa mota sau biyu ke nan, ta farko da ƙarya, ta biyu da gaskiya, kuma ya san waɗanda suke masa dariya su ne masu gaskiya. In na yi shiru, zai ji daga bakin 'yarsa, ina tsaye. In na roƙe ta ta ƙara haƙuri, zai ci gaba da shara, ita kuma ta ci gaba da gudun wayarsa. Saura kwana biyu, ga shi can ina jin tsintsiyar.

Kai da ka zauna ka ji duka, in kai ne ni, da wace kalma za ka fara?