Tumatirin Mai Lambu

Shekara talatin da ɗaya Sista ta yi a ɗakin bakwaini na asibiti, tana rainon jariran da suka zo duniya kafin lokacinsu. Dokarta gajeriya ce: ɗumi, rufi, abinci a kan kari, kuma kada iska ta taɓa. Da wannan ta raya 'ya'yan mutane masu yawa, shi ya sa ba a ja da ita. Har bayan ta yi ritaya, in ta faɗi magana ta faɗa ke nan.

Mijinta, da kowa ke kira Mai Lambu, yana da tumatir nasa na kansa. Shekara ashirin yana tsamo iri daga 'ya'yan da suka fi kyau, ya shanya, ya adana, har ya samu wanda babu kamarsa a ko'ina. Da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, aka sayar da lambun suka koma ɗaki biyu a bene. Abin da ya rage na wahalarsa ambulan ɗaya ne, ga shi iri in ya daɗe a ajiye mutuwa yake yi.

Sista ta ce ita za ta tsirar da shi. Ta tara gwangwanayen madara, ta cika da ƙasar da ta ɗebo a bayan ginin, ba ta huda gindinsu ba don kada ruwa ya ɓata mata taga. Ta lulluɓe su da leda, ta rufe taga, ta ja labule. Duk bayan awa uku sai ta ba su ruwa da sirinji.

Kwana shida suka tsiro, dogaye, farare fat, sirara kamar zare. Kafin mako ya zagayo gindinsu ya yi baƙi ya tsuke, suka riƙa kifewa ɗaya bayan ɗaya. Wata farar fumfuna ta rufe ƙasar. Sista ta duba ta yanke hukunci: sanyi ne da yunwa. Ta ƙara leda, ta jiƙa taki ta ɗura musu.

Daga kan gado Mai Lambu ya miƙa sandarsa da hannun da ke motsi ya yaye ledar. Ta gane sarai abin da yake nufi, ta dai mayar.

"Malam, ka bar min aikina. Na raya ɗan da bai cika tafin hannuna ba, ganye ne zai gagare ni?"

Shuka ta biyu ma haka ta tafi. A ta uku, cikin fushi, ta zazzage duk abin da ke ambulan. Su ma suka tsiro, suka fara kifewa.

Sai ga Dogo, tsohon maƙwabcinsa a lambu, ya zo dubiya. Ya tsoma yatsa a gwangwani, ruwa ya taso.

"Sista, ai dafa su kike yi. Ruɓewar gindi ce wannan. Huda gwangwani, cire leda, buɗe taga su sha rana da iska. Ruwa sai ƙasa ta bushe. Taki kuma ba yanzu ba."

"Waɗanda suka faɗi fa?"

"Sun tafi. Ina sauran irin? Mu sake da sabuwar ƙasa."

Ta nuna masa ambulan ɗin, wayam. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, abin da ba ta taɓa ji ba a gaban wani likita.

Huɗu suka rage a tsaye. Ta kai su tagar falo, ta yi duk abin da Dogo ya ce, amma cutar ta riga ta shiga ƙasar. Kwana biyu suka bi 'yan'uwansu.

Ba ta faɗa wa Mai Lambu ba. Ta je shago ta sayo irin fakiti, ta shuka yadda ya kamata, kullum tana ce masa huɗun suna nan lafiya. Ai kuwa suka fito kore shar, masu kaurin gindi.

Ranar da suka yi ganye sosai ta ɗauko mafi kyau ta ɗora masa a ƙirji.

"Ga naka nan, Malam. Ya rayu."

Ya juya ganyen, ya dubi bayansa, ya murza ya shinshina yatsunsa. Ya daɗe yana kallonta, ba da fushi ba. Sannan ya miƙa mata gwangwaninta, ya juya fuskarsa bango.