Mesar Baba Mato

Wata rana, tsakiyar bazara, na tsinci kaina a cikin taɓo har gwiwa, kyamara rataye a wuya, ina tambayar kaina wai wa ya aike ni.

Ku da kuka daɗe a shafin nan kun san haukata. Abokan sana'ata suna ɗaukar hoton biki da suna su ci abinci, ni kuwa kwaɗi nake bi. Kwaɗi, guza, kififiya, macijin ruwa. Shekara shida ke nan. Har yau in aka tambayi mahaifiyata me nake yi, cewa take a taya ta da addu'a.

Kwana huɗu na yi a wata fadama.

Abin da na samu? Burduddugi ɗaya mai kallon raini, sai jelar wata guza da ta shige cikin ciyawar kachala kafin in danna. Sauro ya gama da ni. Matsattsaku biyu na ciro a ƙafata. Wallahi na gaji, har kaya na fara haɗawa.

A rana ta biyar wani dattijo ya kira ni. Baba Mato sunansa, noman shinkafar rani yake a bakin fadamar, kullum ta gefen gonarsa nake wucewa mu gaisa.

Ya ce ya daɗe yana lura da ni. Ba na riƙe sanda, ba na jifa, kuma jiya ya ga na kauce wa kwaɗo har na kusa faɗuwa. Ya ce in biyo shi, amma in rage surutu.

Muka ratsa gonar har ƙarshe, inda wata giyayya mai karyayyen reshe take tsaye. A gindinta akwai tsohon suri da rami a jikinsa. Ya nuna min ƙasa, na zauna.

Rabin awa ba komai. Ƙafata ta yi sanyi, na fara zargin tsohon nan wasa yake da ni.

Sai ga kai ya leƙo.

Mesa ce. Ta fito a hankali, tana fitowa, tana fitowa, kamar ba za ta ƙare ba. Kaurinta ya kai cinyata. Ta miƙe a rana, zanen bayanta yana sheƙi. Shekara shida ina neman irin wannan.

Baba Mato ya yi min bayani da murya ƙasa-ƙasa. Shekararta tara a wurin. Kafin ta zo, gafiya da ɓeraye ne suke fara yi masa girbi, shi ya tattara saura. Tunda ta zauna, shinkafarsa take isa gida. Shi ya sa ba ya yanke kachalar da ke kewaye da surin, kuma ya baza wa mutanen gari cewa akwai taɓo mai haɗiye saniya a wannan lungun, don kowa ya kauce. Ko 'ya'yansa ba su san da ita ba.

Ya ce yanzu kan ƙwai take. Rana kawai take fitowa sha, ta koma. Ko gobara aka yi ba za ta bar ramin ba.

Na ɗauki hoto ya fi arba'in. Na yi godiya kamar zan durƙusa. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

To, ga inda na yi wauta.

Mu masu wannan aikin muna da al'ada. In ka ɗora hoto, sai ka rubuta sunan dabbar, da ranar, da wurin da ka ɗauka, don kar wani ya ce a intanet ka sato. Hannuna ya saba. Tun ina cikin mota ban ma iso gida ba, na ɗora. Na rubuta sunan ƙauyen. Na rubuta sunan fadamar. Ga giyayyar nan a bayan hoton, da karyayyen reshenta, ɓaro-ɓaro.

Yabo ya yi ta zuba. Mutanen da ba su taɓa kula kwaɗina ba suka ce ni gwani ne. Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba.

Wani ya biyo ni ta saƙo, ya ce shi ɗalibi ne mai bincike, ta wane gefen ruwan ake shiga?

Na faɗa masa. Har kwatance na yi masa.

Bayan mako uku na koma, ɗauke da hoton mesar da na wanke na sa a firam, tsaraba ga Baba Mato.

Na same shi zaune a bakin gona. Ya amsa gaisuwata tsaf, da gajiya, da iyali, da hanya, irin yadda ake amsa wa baƙon da ba a sani ba. Tun nan na san ba lafiya ba.

Na wuce gindin giyayyar.

An fasa surin. Ga toka a bakin ramin, inda suka tura mata hayaƙi. Ga ƙwayayen a warwatse, sun bushe, tururuwa ta gama da su.

Na dawo wurin Baba Mato. Mutum uku ne, in ji shi, a kan babura biyu, ranar Juma'a yana masallaci. Sun tsaya a cikin gari suna nuna wa mutane waya, suna tambayar inda bishiyar nan take. Fata suka zo nema, da kitse.

Na tsaya da firam a hannu kamar wawa. Na ce, "Baba, wallahi ban san haka za ta faru ba. Kuma ba ka ce kar in faɗa ba."

Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, na gaya maka shekara tara ban faɗa wa 'ya'yan cikina ba. Na zaci wannan ya ishe ka bayani."

 

Ya tashi ya zagaya da ni gonar. Shinkafa ta fara nuna, ga zangarniya nan a ƙasa an datse, layi-layi, aikin ɓera. Ya ce bana dole ya zuba maganin ɓera, abin da ya rabu da shi tun tuni. Kuma in maganin ya gangara ruwa, kwaɗin da nake bi ma sai dai in nemi wata fadamar.

Na miƙa masa hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dawo min da shi, ya ce in riƙe, ba zai iya ganinta kullum a bango ba.

A nan bakin gonar na goge abin da na ɗora. Amfanin me? Mutum sama da ɗari takwas sun riga sun tura gaba.

Darasi:

In mutum ya yarda da kai ya nuna maka abin da yake ɓoyewa, amana ya ba ka, ko da bai furta ba. Kafin ka ɗora, koma ka tambaye shi. Kai yabon kwana biyu za ka samu, shi kuwa da abincin gidansa zai biya.

Ku tura wa duk wanda kuka sani ba ya iya ganin abu bai ciro waya ba. Masu shirin tambayata a ƙasa wace fadama ce, ku huta, ba zan faɗa ba.