Motar da Ta Cinye Gayya

Wata Laraba ce ta ƙarshen damina, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, wajen ƙarfe tara na safe. Mu huɗu ne cikin motar: wani Anasara mai ɗaukar silima, da abokinsa mai riƙe na'urar ɗaukar murya, da gardi, wato dogarin gwamnati, mai jar hula wanda kumandan Tasawa mai mulkin yankin ya haɗa mu da shi, sai ni, tafintan da gidan rediyo ya ba su aro. Muna neman Mayahi ne motar ta kafe cikin rairayi, a bakin wata gonar gyaɗa.

Anasaran ya bar aikin banki a ƙasarsu, ya sayi mota, ya ɗaura niyyar ratsa ƙasarmu daga bakin kogi a Yamai har tafkin Cadi, yana ɗaukar tafiyar. Kusan kowane zango sai ya gaya mini cewa mutum ya bi abin da ransa ke so, komai zai rasa. Ban taɓa yi masa musu ba. A lokacin ma maganar tana burge ni.

Gonar cike take da mutane. Wani tsoho ne ya kira gayyar cirar gyaɗa, samarin gari sun jeru, makaɗi na bin bayansu da ganga. Kwana biyu kafin nan aka yi ruwan da kowa ya san shi ne na ƙarshe. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da wannan ke nufi: muddin ƙasa na da danshi, gyaɗa na fitowa da 'ya'yanta, in ta bushe, ganye ne zai biyo hannunka, 'ya'yan su tsinke a ƙasa. Gayya kuma ta wuni ɗaya ce. An yanka akuya, an dama fura, in azahar ta yi a ci a watse, gobe kowa na da tasa gonar.

Ba mu kira kowa ba. Da suka ga motar ta nutse, samari goma sha suka ajiye aiki suka zo, suka cicciɓe ta suna dariya. Ɗaya ya ce wa gardin, "Mai jar hula, sauko mana, tumbinka ne ya kafe ta!" Kafin a ce me, mota ta hau tsandauri, sun juya za su koma.

Nan Anasaran ya dafe kai. Bai fito da na'urarsa ba. Ya ce in roƙe su a mai da motar cikin rairayi a sake, ya ɗauka.

Na fassara daidai, na ce baƙo yana roƙon alfarma. Samarin suka dubi juna. Sai gardin ya gyara hula ya ƙara da nasa: "Takardar kumandan na hannunmu." Wannan kalma ba ni na faɗe ta ba, amma na ji ta, kuma na san abin da take tuna wa mutanen da iyayensu suka yi dakon duwatsun hanya a zamanin mulkin Anasara ba da son ransu ba. Na yi shiru.

Aka mai da mota rami. Aka tura. Anasaran ya ce gajimare ya rufe rana, a jira. Aka jira. Aka sake turawa, ya ce mutanen sun yi kaɗan, a kira sauran da ke gona. A karo na huɗu ya hango makaɗin, idonsa ya yi haske, ya ce a kawo shi ya tsaya gefe, a tura ana waƙa.

Tsohon ya zo har inda nake, gwiwoyinsa duk ƙasa. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, kai ɗan ina ne?"

"Ɗan ƙasar Tasawa ne, Baba."

"To ka san gyaɗa ke nan. Gaya wa maigidanka rana na ci mini ƙasa."

"Ba maigidana ba ne, Baba."

"Ko wane ne, shi kake wa baki. Yi mini nawa bakin ko sau ɗaya."

Na gaya wa Anasaran. Na bayyana masa danshi, na bayyana masa gayya, da Faransanci mai kyau wanda aka yaba mini tun ina lakwal, makarantar boko. Ya saurara har ƙarshe, ya dafa kafaɗar tsohon, ya ce minti biyar kawai, kuma fuskar nan tasa dole ta shiga silima. Ya juya na'ura kan tsohon.

Minti biyar ɗin ya kai mu har ladan ya kira azahar. Mata suka sauke ƙoren fura da tuwo a gindin gawo. Samarin suka ci, don sun zo kuma sun yi gumi, ba wanda zai ce ba su ci halas ba. Aka kawo mana namu ƙoƙon, baƙi ne mu. Anasaran ya sha, ya ce bai taɓa ganin karamci irin wannan ba. Da muka tashi na waiwaya: abin da aka cire bai kai rabin gonar ba, tsohon na duƙe a ciki shi kaɗai.

Bayan shekara guda aka kira ni wani ɗaki a Yamai, wai silimar ta fito, ana so a sa mata muryar Hausa don a zaga da ita garuruwa. Aka kunna. Ga motarmu, ga ganga, ga samari na waƙa, ga fuskar tsohon ta cika farin zanen. Takardar da aka miƙa mini in fassara ta ce mutanen nan ba su san agogo ba, lokaci bai dame su ba, da suka ga baƙo mai bin burin ransa sai suka watsar da aikinsu suka zo da kiɗa.

Ba su san agogo ba! Mutumin da ke auna wuninsa da bushewar ƙasa a tafin hannunsa, yana kallon abincin shekara na tsinkewa, shi ne bai san lokaci ba. Wanda ya cinye masa wunin don jiran gajimare kuwa shi ne mai buri.

Na gaya wa shugaban sashenmu ba zan karanta ba. Ya ce, "Malam, murya aka nema gare ka, ba shaida ba." Na ce a bakin gonar ma abin da na ɗauka ke nan, shi ya sa na yi shiru. Ya karɓe takardar ya ba wani abokin aikina, shi kuwa ya karanta ta yadda take, da lafazi mai daɗi.

Da damina ta kama na je gida hutu, na hau keke na bi ta gonar. Tsohon ya shuka hatsi a wannan karon. Gyaɗar da ta tsinke a ƙasa ta tsiro nan da can tsakanin kunyoyi, yana nome ta tare da ciyawa.