Galan a Kan Rufin Motar Surukina

Motar ba tawa ba ce, ta surukina ce, uban matata. Bafulatani ne da ya daɗe da ajiye sanda ya zauna a Toranke yana noma, amma da sauran shanunsa a hannun dangi. Shekarar da fari ya fara kayar da dabbobi, bayan an koma tuƙi ta hannun dama, sai ya sayar da bijimansa tun da sauran nama a jikinsu, ya sayo a-kori-kura sabuwa dal daga wani kamfani a Kano. Shi bai iya tuƙi ba, 'ya'yansa ma haka. Ni kuwa na daɗe ina bin manyan motocin gyaɗa har na samu lasin. Sai aka aiko mini da makulli ta hannun matata.

Haka muke komai da shi, ta hannun wani. 'Yarsa ta fari nake aure, don haka bai taɓa kama sunana ba, ni kuma ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In na je gaisuwa sai in tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, in durƙusa, ya amsa yana kallon bango. In yana da magana sai ya juya ga wanda ke kusa ya ce, "A faɗa wa direba gobe akwai buhunan dawa zuwa Kademi." Alhali ga ni nan a gabansa, ina ji.

Ranar da aka karɓo motar, mutanen kamfani sun ja masa kunne a riƙa mayar da ita sabis. Su za su canja matatar mai, su wanke kafireta, su duba sitiyari su yi masa giris. Baffa, haka kowa yake kiransa, ya riƙe maganar nan gam.

Na kai ta sau ɗaya. Wuri ne mai faɗi, daɓen siminti a share tas, makanikai duk sanye da kaya iri ɗaya. Na shiga da motata, bayanta kashin awaki da ɓawon gyaɗa, gaba kuwa warin daddawar da na ɗauko wa wata mata. Wani akawu mai laktaye a wuya ya leƙo ta taga, ya ja baya, ya yi mini Turanci. Ban gane ba. Ya sake da ƙarfi, kamar kurma ne ni. Daga baya ya kira mai gadi ya yi mana tafinta, ko da yake na ji shi da kunnena yana Hausa da wani. Wai in je in wanko ta tukuna, in dawo wani makon, kuma sai ta kwana biyu a wurinsu. Makanikan nan suna tsaye suna kallon ƙafafuna. Na juya motar na fita. Ban sake komawa ba.

Daga nan na zama kamfanin kaina. Fetur ɗin da muke sha a Gaya daga duro ake ɗibarsa, da ruwa da tsatsa a gindi, sai in shimfiɗa tsohuwar hula a bakin tanki in tace. Da matatar mai ta toshe na cire ta na jefar, na haɗa tiyo da tiyo. Kafireta kuwa in kwance ta a kan tabarma a ƙofar gida, in hura ramukanta da baki, in zura musu zaren waya. Giris ya ƙare, na ɗebi man kaɗanyar matata na cusa, har kiyashi ya yi hanya a ƙarƙashin mota. Hanyarmu yashi ce da ramuka, ba a daɗe ba ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafar gaba, wanda muke kira tayarod, ya fara kaɗawa a gwiwarsa. Na yanko robar tsohon tif na naɗe shi tamau. Ya yi shiru.

Ba zan ce aikin duk banza ba ne. Motar ta yi damina biyu tana cin kasuwannin Ajingi da Gaya da Kademi, ba ta taɓa kwana a daji ba. In Baffa ya aiko a tambaya ko an kai ta sabis, sai in ce da matata, "Ce masa na je Kano." Kuma na je ɗin. Kaya nake kaiwa.

Sai Allah ya kira shi aikin hajji. Saƙo ya zo cewa 'yan rukuninsu su hallara a sansanin alhazai a Kano kafin azahar, wanda bai zo ba jirgi ba ya jira. 'Ya'yansa suka wuce tun jajibiri da akwatinsa. Ni zan kai shi da safe, a motarsa, don ya ce ba zai hau ta haya ba alhali yana da tasa.

Dawa ta isa yanka a lokacin. Mutanen gari suka rako shi har bayan gari, aka yi addu'a, mata suna share hawaye. Yana sanye da farar babbar riga wadda ta sha bugu, da sabon rawani. Mu uku ne a gaba. Amininsa, wani tsohon Babarbare mai sayar da kanwa, shi ya zauna a tsakiya don ya raba kafaɗata da ta Baffa. Baffa yana bakin ƙofa.

"To, Bafillace," in ji Babarbaren tun ba mu yi nisa ba, "in ka je ka gaya musu ubangidanka ne ya ba ka izini. Kada ka ga raƙuman Larabawa ka bi su kiwo."

"Ji bawa da baki," in ji Baffa. "Zan roƙa maka Allah ya raba ka da cuwa-cuwar mudu."

Mun wuce Ajingi kaɗan sai motar ta yi tari. Ta sake. Na taka totur, ta shaƙe, ta mutu. Na san ciwon tun kafin in buɗe boneti. Dattin da matatar mai ya kamata ta tare duk ya taru ya toshe hanyar mai daga tanki. Na zare tiyo na sa baki na zuƙa. Ba komai. Na zuƙa da ƙarfi, sai ga fetur da laka cike da bakina har maƙogwaro. Na durƙusa a gefen hanya ina kakari ina tofar da yawu, majina tana zuba. Mutumin da ban taɓa haɗiyar ruwa a gabansa ba, ga shi yana kallona ta gilashi ina amai.

Hanyar man ta ƙi buɗewa. Dabara ɗaya ta rage, wadda na koya a motocin gyaɗa. Ina da galan na fetur a baya. In an ɗora shi a kan rufi aka ja tiyo zuwa kafireta, mai zai gangaro da kansa. Sai dai dole wani ya fito da hannu ta taga ya riƙe shi, don igiyar da na ɗaura ba ta kama shi sosai ba. Ni ina tuƙi. Wanda ke bakin taga kuwa Baffa ne.

Na faɗa wa Babarbaren, murya ƙasa-ƙasa. Ya juya ya ce, "Sauko, Bafillace, mu yi musaya. Ka dawo tsakiya."

Baffa ya dubi wurin, ya ga in ya dawo tsakiya jikinsa zai haɗu da nawa har Kano. Ya ce, "A faɗa wa direba ya ɗora. Zan riƙe."

Haka muka tashi. Dattijo mai shirin zuwa ɗakin Allah, hannu a waje, riƙe da galan. Duk ramin da muka faɗa sai fetur ya tsiyayo ta murfi ya bi hannunsa ya gangara cikin hannun riga. Ina ganin farin yadin yana sauya launi. Bai saki galan ɗin ba. Babarbaren ne kawai ya ce, "Kai, ka samu turare tun ba ka je Makka ba." Ba wanda ya yi dariya, shi ma sai ya kama bakinsa.

Rana ta ɗaga, ni kuma na ƙara wuta don in rama lokacin da ya tafi. Akwai wani gangare mai yashi kafin a shiga Gaya, inda manyan motoci suka haƙa kwari biyu. Ƙafar gaba ta faɗa ɗaya, na ji ƙas, sai sitiyari ya zama kamar faifai a hannuna, ina juyawa ba abin da yake juyawa. Motar ta bar hanya ta kutsa gonar wani, tana kwantar da dawa, har ta tsaya a jikin kunya. Galan ya faɗo. Sauran man ya ƙare a cinyar Baffa.

Ba wanda ya ji ciwo. Muka fito. Ƙafafun gaba, ɗaya tana kallon gabas ɗaya tana kallon kudu. Na cire rigata, daga ni sai wando, na shiga ƙarƙashi. Tayarod ya fice daga gurbinsa, robar tana reto. Ina da wata robar a aljihun ƙofa, amma sai an riƙe tayar an daidaita ta kafin in mayar da ƙarfen. Babarbaren ya gwada, ba ƙarfi. Sai na ga gwiwoyin Baffa sun sauka a kan ƙasar gona. Ya rungumi tayar da hannu biyu ya murɗo ta. Ya sunkuyo don ya ga ko ta yi daidai, fuskarsa ta zo dab da tawa. Ya ga robar. Ya ga man kaɗanyar da ya daskare da yashi.

Bai nemi Babarbaren ba. Ni ya duba, cikin ido, ya ce, "Wannan robar, kamfanin ne suka ɗaura?"

Na ce, "A'a, Baffa."

"Sun taɓa ganin motar nan?"

"Sau ɗaya. Ba su taɓa ta ba."

Ya ƙara riƙe tayar, ya ce, "Ɗaura. Rana tana yi."

Na ɗaura. Na zura tiyo ta bakin tanki na zuƙo wani man na sake cika galan. Mai gonar ya iso da lauje a hannu yana faɗa, da ya ga rawani da jakar maniyyaci sai ya sauke murya, ya taya mu turawa, har ya ce a sa shi a addu'a. Muka lallaɓa kamar masu bin jaki har tashar Gaya.

A tasha Baffa ya sauka. Ya roƙi ruwa da sabulu wurin mai shayi, ya wanke hannuwansa har gwiwa, ya goge rigar iya abin da zai gogu. Akwai wata bas mai lodin Wudil da Kano, saura mutum biyu. Ya shiga, Babarbaren ya bi shi. Ina tsaye ina ganin fasinjoji suna toshe hanci suna tambayar wa ya shigo da fetur, wata mata tana cewa kada wanda ya kunna taba. Babarbaren ya leƙo ta taga ya ce da ni, "Ya ce ka koma gida a hankali."

Ya samu jirgi. 'Ya'yansa suka dawo suka ce da kyar, ana cikin kiran suna ya iso, kuma da rigar ya hau don akwatin ya riga ya wuce. Ba su san abin da ya faru ba, har suna tambayata ko a bas ɗin ne wani ya zuba masa mai. Na ce ban sani ba.

Yana can na roƙi wani malamin firamare a Ajingi ya raka ni Kano. Na wanke motar har ƙarƙashi. Shi ya yi musu Turancin, ni ina tsaye a baya. Suka sauke tanki suka wanke, suka sa sabuwar matatar mai, suka canja tayarod gaba ɗaya. Wani makanike ya ɗaga robata a kan sifana yana nuna wa 'yan'uwansa. Na bar shi. Da na karɓo ta, sitiyarin da ɗan yatsa ma sai ka juya shi.

Da aka ce alhazanmu sun kusa sauka, na cika tanki, na shimfiɗa sabon bargo a kujera, na zauna jiran aike. Matata tana zuwa gidansu tana dawowa, ina duban bakinta, ba ta ce komai ba. Ashe tun kafin ya tashi ya bar wa babban ɗansa saƙo a ɗauko shatar mota daga Gaya.

Ina ƙofar gida da la'asar na ji hon da guɗa. Motar hayar ta wuce ta gabana, tsohuwa ce, hayaƙi baƙi, ƙofarta ɗaure da waya. Baffa yana gaba. Na jira taron ya ragu, sannan na sa rigata na tafi yi masa barka da sauka, a ƙafa.