Jifan da Tello Ya Yi Ranar Lahadi

Eleuterio Paulino sunansa, amma duk ƙauyenmu Tello muke ce masa. Faci yake yi a bakin titin da motocin rake suke bi. Yana saurayi an sha cewa hannunsa na hagu zai kai shi Amurka buga besbol, wasan da ake jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri a doke ta da sanda. Wani bature ma ya zo kallonsa har sau biyu, sai kafaɗa ta goce, magana ta mutu, ya koma ga tayoyinsa. Abin da ya rage masa shi ne Lahadi bayan an taso daga coci, ya tara samarin unguwa a filin bayan gonar rake, yana jefa musu ƙwallo suna koyon duka.

Cikinsu akwai Yeison, ɗan Milagros yayar Tello, shekararsa sha huɗu, siriri, ga surutu.

Ina wurin ranar, zaune a kan bokiti ina cin soyayyar ayaba. Yeison ya ɗauki sanda ya gyara hula.

"Kawu, yau dai a jefo da ƙarfi mana. Wannan jifan naka ko kakata sai ta doke shi."

"Kakar taka uwata ce, mara kunya. Gyara tsayuwa."

Muka yi dariya. Tello ya jefa. Wallahi jifan ba wani mai ƙarfi ba ne, ƙwallon ce ta ɗan karkato ciki, yaron ya juyo, ta same shi a ƙirji wajen hagu. Ya saki sandar, ya yi taku biyu, ya kife.

"Tashi dalla, ɗan rainin wayo!" in ji wani daga baya.

Bai tashi ba. Tello ya ruga ya birkito shi. Idonsa a buɗe, yana jan numfashi ɗaya-ɗaya kamar kifin da aka tsamo daga ruwa. Babu jini, babu ƙwarzane. Wannan ya watsa masa ruwa, wancan yana yi masa fifita da hula, wata ta ce a ɗaga ƙafafunsa sama. Mun kai mu talatin a filin, babu wanda ya san abin yi. Tello sai jijjiga shi yake: "Yeison, Kawu ne. Yeison, dube ni."

Aka kira motar asibiti, suka ce daga birni za ta taso. Tello ya rungumi yaron suka hau babur. Ƙaramin asibitin ƙauye a kulle, Lahadi ce. Motar masu ayaba ce ta ƙarasa da su birni, ni ma na ɗare baya.

Likitar, wata matashiya, ba ta daɗe a ciki ba. Ta fito ta ce Yeison ya rasu, alhali zuciyarsa lafiyayyiya ce, ko ƙashi bai karye ba. Akwai wani ɗan lokaci tsakanin bugun zuciya da bugu, bai kai ƙiftawar ido ba, in duka ya faɗa daidai nan sai zuciya ta rikice, ta yi ta karkarwa ba ta tura jini. Da an dinga danna masa ƙirji nan take, aka kuma samu na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki cikin 'yan mintuna, da wataƙila ya rayu.

"Likita, da ƙarfi na jefa?"

"Ba ƙarfin ba ne, malam. Lokacin ne."

Milagros ba ta taɓa ɗora masa laifi ba. A kwana tara na addu'ar makoki ita ce ma take tura masa kwanon shinkafa da wake: "Ci mana, Tello. So kake in binne biyu?" Ya gaya mini da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.

Shekara shida ke nan. Ya je birni wajen 'yan kwana-kwana ya koyi danna ƙirji, yana koya wa duk wanda ya tsaya faci, a kan tsohon matashin kai. Na'urar kuwa ya rubuta wa hukuma takarda ta fi a ƙirga, kullum a ce ya dawo wata mai zuwa. Samari sun koma filin, wani ne yake jefa musu. Shi yana zuwa ya tsaya can gefen rake, hannu a aljihu, ba ya tafiya sai yaro na ƙarshe ya fice.