Baitin Da Na Rera, Wani Ya Sha Tafi

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a wata sakandare a Abuja, malamin waƙarmu ya ce yana neman mai kakkaurar murya da zai rera baitin ƙarshe na waƙar bankwana shi kaɗai ranar bikin yaye ɗalibai. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, ban san abin da ya hau kaina ba, na ce zan gwada. Ina sauke murya ƙasa sai ta tsinke, iska kawai ta fito. Aka fashe da dariya. Abokina ya ce, "Malam Ƙamus, koma laburarenka, wannan muryar ta kiran kaji ce."

Malamin bai yi dariya ba. Ya ce idan na horar da ita, baitin nawa ne. Na riƙe wannan maganar.

Yadda nake yi wa kowane darasi haka na yi wa muryar. Na karanta duk abin da na samu, na bi shi dalla-dalla. Da safe in kwanta rigingine, in ɗora ƙamus a ciki, in ja numfashi har sai ya ɗaga. In yi hamma da gangan don maƙogwaro ya buɗe. In rufe baki ina "mmm", hannu a ƙirji, ina saukowa a hankali har in ji ƙirjin yana rawa, ban taɓa tursasa ta ba. A motar haya daga unguwarmu Masaka zuwa makaranta kuwa, idan gosulo ya riƙe mu, in jingina da taga ina kaɗa leɓe kamar yaro mai kwaikwayon babur. Wata rana kwandasta ya leƙo ya ce, "Oga ɗalibi, idan kai za ka ja motar, mu kashe injin."

Mahaifiyata ta zaci ciwo ne, ta yi ta dafa min citta da kanumfari.

Zango bai ƙare ba sai da muryar ta zauna. Ranar gwaji na ƙarshe na rera baitin, babu wanda ya yi dariya. Malamin ya sa na maimaita, ya ɗauka a wayarsa, wai zai saurara a gida ya ga inda ke buƙatar gyara.

Ranar biki, ina sanye da farar rigar da na goge da kaina, ya jawo ni gefe ya ce in tsaya a layin baya. Kafin in tambayi dalili an fara. Da aka zo baitin ƙarshe, sai ɗan shugaban ƙungiyar iyaye, yaron da bai fi zuwa gwaji sau biyu ba, ya fito gaba ya karɓi makirufo. Daga lasifika muryata ta fito. Shi baki kawai yake motsawa, har da lumshe ido da dafa ƙirji. Mutane suka miƙe suna tafi, mahaifinsa ya rungume shi.

Bayan an tashi na sami malamin. Na ce, "Malam, ai ka yi min alkawari."

Ya ce, "To, ba muryarka ce ta fita ba? Kai kunya ta yi maka yawa, ba za ka iya tsayuwa gaban manya ba. Ka yi haƙuri, ni ma aikina nake karewa."

Ko gwada ni a gaban manyan bai yi ba. Ya ga mai shiru ne, ya san ba zan ta da rigima ba, kuma hasashensa ya yi daidai. Wannan shi ne abin da ke ƙona min rai har yau. Mutane suna ɗaukar shirun mutum a matsayin izini.

Ina jami'a yanzu, kuma ban daina horar da muryar ba. Kwanaki wata ƙanwar mahaifiyata ta turo min bidiyon bikin, ya zagayo ta wani zauren hira na waya. A ƙasa ta rubuta: "Ɗana, tunda kana son waƙa, saurari wannan yaron ka koya."